Idan An Shafa Fatiha, Iska Ba Ta Kwanta Ba

Dutse, Litinin da yamma.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya da natsuwa a duk inda za ka buɗe ta, Ya kai ka masaukinka lafiya, Ya tsare ka a ƙasa, Ya tsare ka a sama.

Jiya da la'asar sakaliya jirgin feshi na kamfaninku ya kauce daga titi yana ƙoƙarin tashi, a filin jan ƙasar nan da ke tsakanin Kafin Hausa da Haɗeja. Matuƙin, Kyaftin Haruna, wanda ya koya maka aikin feshi, yana asibiti da karaya a ƙugu da ƙafa. Shi kaɗai ne a ciki. Kamfanin ya ce iska ce ta buge shi ta gefe. Yau da safe suka kira ka, gobe bayan asuba za ka tafi ka maye gurbinsa da ɗaya jirgin, domin tsuntsayen jan-baki sun sauka a fadama, shinkafa kuma ta fara nuna.

Duk wannan ka sani. Na jera shi ne don haka na saba, shekarun da na yi a ɗakin labarai na rediyo ba su bar ni da wata hanyar fara magana ba. Abin da na tabbatar ke nan. Akwai wanda ban tabbatar ba. Mutum biyu sun gaya min cewa an taru a filin kafin ya tashi, manya sun zo daga ƙauyuka, an yi addu'a. Ɗaya daga cikinsu ba ya wurin, ji ya yi, don haka ban ɗauki maganar a matsayin labari ba tukuna. Amma ita ce ta zaunar da ni rubutun nan.

Kai ne ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Ƙannenka sukan shigo ɗakina su baje a kan gado, kai kuwa a bakin ƙofa kake durƙusawa. Da safe da ka zo ka gaya min tafiyar, abin da ya iya fita daga bakina shi ne Allah Ya tsare, ka ce amin, ka tashi. Sauran maganar ga ta nan. Ƙanwarka Hauwa za ta sa maka a jaka.

Ba zan koya maka tuƙi ba, ban san inda ake kama jirgi ba. Amma tun ranar da ka shiga makarantar tuƙi na koma karanta rahotannin haɗarin ƙananan jirage, na nan da na ƙasashen waje, duk wanda na samu. Idan maganar tashi ce cikin iskar gefe mai zuwa bugu-bugu, labarin kusan ɗaya ne. Jirgi yana gudu a kan titi da cikakken tanki, bai gama zama na sama ba, ya kuma daina zama na ƙasa. Iska ta doki jelarsa, hancin ya karkata wajen da take fitowa. Ko ta shiga ƙarƙashin fiffike ɗaya ta ɗaga shi, ɗayan ya taɓa ƙasa. Ko kuma ta ɗaga jirgin gaba ɗaya kafin gudunsa ya kai, sannan ta ɗauke ta bar shi ya dawo da nauyinsa. Masu bincike suna rubuta ƙarfin iskar, da nauyin kaya, da tsawon titi. Abin da ba su cika tsayawa a kai ba shi ne dalilin da ya sa mutumin da ya san duk wannan ya saki birki. A wasu ƙasashen sukan ce gaggawa ce ko yarda da kai. Namu na nan daban ne, kuma na gan shi da idona.

Kana firamare lokacin. Aka tura ni ɗauko rahoton fara feshin jan-baki a wani fili irin wannan, a gabashin jihar. A shekarar tsuntsun ya yi ɓarna ƙwarai. Na ga gonar dawa da ke da zangarniya da safe, kafin azahar sai kara tsaye. Maza da mata sun yi ta kaɗa gwangwani da jifa da majajjawa har muryoyinsu suka dushe. Saboda haka da aka ce jirgi ya zo, ƙauyuka suka fito. Hakimi ya turo wakili, dagatai sun zo, limamin Juma'a ya zo, ga kuma sarkin noma, wani dogon dattijo da ya taho a ƙafa tun hantsi.

Ka fi ni sanin cewa aikin ba ya yiwuwa sai dab da magariba, lokacin da tsuntsun ya koma makwancinsa a cikin ciyawar kacalla. A ƙarshen damina kuma, wannan ne daidai lokacin da hadari ke haɗowa daga gabas.

Matuƙin sunansa Kyaftin Bello, mutumin Garki, bai girme ka a yanzu da yawa ba. Yaro ne mai ladabi. Ya bi manyan nan ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su a durƙushe, har takalmi ya cire a gaban limam a kan jan ƙasa mai zafi. Na ji wani dagaci yana cewa da ganin wannan an san ɗan mutunci ne.

Ranar an yi zafi, muna tsaye muna ta gumi. Sai wata iska mai sanyi ta fara busowa, ta buso ta ɗauke, ta buso ta ɗauke. Kowa ya ce alhamdulillahi, har da ni. Mun ɗauke ta rahama. Bello kaɗai na ga yana duban ƙyallen nan mai kamar hannun riga da ake ɗaurewa a kan sanda don a ga inda iska ta dosa. Ƙyallen ya miƙe ya gitta titin, ya faɗi, ya sake miƙewa. Ban san abin da nake kallo ba. Agogona nake dubawa, ina so jirgi ya tashi in ɗauki ƙararsa in aika kafin labaran dare.

Limam ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Ina tsaye kusa da sarkin noma, Bello ya matso, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ko da za a ɗan dakata a ga yadda iskar nan za ta yi?"

Dattijon ya dafa kafaɗarsa yana murmushi. "Haba ɗana, ai an shafa fatiha. Je ka, Allah na tare da kai."

"To, Baba."

Ya hau. Jirgin ya fara gudu sosai a miƙe, jelarsa ta ɗaga, mutane suka fara kabbara. Wajen tsakiyar titi iskar ta dawo da ƙarfin da ba ta yi ba a baya, har hulunan mutane suka tashi. Fiffiken da ke wajen gabas ya ɗaga, ɗayan ya kafta ƙasa, jirgin ya juya a kansa ya faɗa cikin gonar da ke gefe. Bai kama da wuta ba. Tankin magani ne ya fashe. Waɗanda suka fara isa wurin suka ciro shi da hannunsu, maganin ya jiƙa musu riguna, wasunsu suka kwana biyu suna amai da jiri. Bello ya rasu a mota kafin a kai Haɗeja. Hadarin da ya turo iskar ko ɗigo bai zubar a filin ba, ta arewa ya wuce. Kafin a kira magariba ƙyallen ya kwanta a jikin sandarsa.

Bayan wasu shekaru wani aiki ya kai ni ƙauyen, na tarar da sarkin noma a ƙofar gidansa, idonsa ya fara tafiya. Da muryata ya gane ni. Shi ya ta da maganar, ba ni ba. Ya ce shi bai san abin da iska ke yi wa jirgi ba, ya zaci fargaba ce irin ta yaro a gaban jama'a, sai ya ce bari ya ƙarfafa masa gwiwa. Sannan ya ce, "Yarinya, da ya ce min, Baba, in na tashi yanzu mutuwa zan yi, wallahi da ni zan kwanta a gaban tayar."

Na yarda da shi. Babu wanda ya tilasta wa Bello a filin nan. Ya faɗi gaskiya, amma ya faɗe ta yadda muke koya wa 'ya'yanmu su yi magana da manya, a lulluɓe, da "ko da za a", da kai a ƙasa. Babban kuma ya ji ta yadda aka koya masa ya ji irin wannan magana, wato yaro yana jin nauyi, a lallashe shi. Kowa ya yi ladabinsa daidai, aka ɗauki gawa.

Don haka ga abu na farko. Idan ka dubi ƙyallen nan zuciyarka ta ce a'a, kada ka yi tambaya. Tambaya tana ba wanda bai sani ba ikon yanke hukunci. Ka durƙusa in kana so, ka cire takalmi, ka ce ranka ya daɗe, amma maganar ta fito tsirara: ba zan tashi ba, iskar nan za ta kifar da jirgin. Ka ambaci mutuwa da sunanta. Mutanenmu ba su san ma'aunin iska ba, amma sun san mutuwa. Kuma kada ka jira a ɗaga hannu. Tun kafin a fara addu'a ka ja babban cikinsu gefe, kai da shi, ka gaya masa cewa tashin yau yana hannun iska, mai yiwuwa a yi, mai yiwuwa a fasa. In fasawar ta zo, ka bar shi ya sanar da jama'a da bakinsa. Dattijo yana iya janye maganar da ya yi a ɓoye. Wadda ya yi a gaban ƙauyuka uku tana yi masa wuya.

Da na yi tunani a filin nan, da na gane abin da ke faruwa, domin ni ma na taɓa shiga irinsa. Kana goye lokacin. Na je ganin gida a Haɗeja, ranar komowa gwaggonnina da matan unguwa suka yi min rakiya har tasha, da ƙunshin bandar kifi da tsarabar kakanninka na Dutse. Muna isa na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Zuciyata ta ce ki koma gida ki kwana. Amma an riga an yi ban-kwana, an yi kuka, Gwaggo Ladi ta tofa maka addu'a a ka, an ɗaure kaya a saman mota. Na dubi tsofaffin nan da suka tako a rana, na ji ba zan iya cewa a sauke kaya mu koma tare ba. Me za a ce a unguwa, wadda aka raka ta biyo masu rakiya? Na shiga. Ba mu kai Kafin Hausa ba iskar ta same mu, kayan saman motar suka zama mata kamar tabarmar da aka ɗaga, direba ya rasa sitiyari, muka gangara rami. Tabon da ke goshina ka san shi. Matar da ke kusa da taga, wadda ta riƙe min kai ina gyara zani, ba ta tashi ba. Da labari ya kai gida, abin da Gwaggo Ladi ta fara cewa shi ne ita ma ta ga hadarin, ta yi shiru ne don kada a ce ta hana 'yar mutane komawa ɗakinta.

Abu na biyu ke nan. Komawa bayan an yi sallama ba abin kunya ba ne da ke kashe mutum. A rahotannin da na karanta, da yawa daga cikin matuƙan sun ji jirgin ya fara karkata tun titi yana da saura, suna da damar rage wuta su taka birki, amma suka ci gaba don sun riga sun fara. Ko ka hau, ko farfela tana juyawa, ko tayar ta fara gudu jama'a suna kabbara, in ka ji abin bai zauna ba ka tsaya, ka juyo da jirgin a hankali ka sauko a gabansu. Za a yi shiru mara daɗi. Wani zai yi tsaki, wani zai ce an kawo mana matsoraci. Ka sha wannan shirun. Mai yiwuwa kuma a cikinsu akwai wata Gwaggo Ladi da ta ga abin da ka gani tana jira wani ya fara faɗa.

Akwai kuma abin da ni na sa maka da hannuna. Ka tuna baƙon Malam babanku da ya zo daga Garki a babur, kana sakandare? Da zai tafi ka ce masa a gaban mutane, tayarka ta baya ta cinye, ba za ta kai ka gida ba. Na kira ka ciki na yi maka faɗa, na ce ba a yi wa babba magana gatsal haka, in ka ga abu sai ka ce ko za a duba. Ka ce to. Tun daga ranar ban sake jin ka faɗi abu kai tsaye a gaban wanda ya girme ka ba, kuma na yi ta alfahari da hakan. Mutumin a ƙafa ya tura babur ɗinsa daga wajen gari, wannan ban gaya maka ba a lokacin don kada kanka ya kumbura. Ban yi nadamar ladabin da na koya maka ba, zai yi maka amfani a gidan surukai da gaban malamai. Amma na koya maka rabi na bar rabi. A bakin jirgi, yaron nan na sakandare nake so ya dawo.

Kada ka ɗauka ina cewa ka raina mutanen da za su zo filin. Ni 'yar fadama ce, na san abin da yammaci ɗaya yake nufi. Duk ranar da ba ka tashi ba, gobe da safe tsuntsun zai sauka a gonar wani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Akwai magidancin da abincin shekararsa zai ƙare a kan a'ar da ka ce. Zai dube ka, kuma yana da gaskiya. Ba ni da maganar da za ta sauƙaƙa maka wannan. Abin da na sani shi ne, bayan Bello ya faɗi, babu jirgin da ya sake zuwa filin nan a daminar, jan-baki suka cinye abin da ya rage har ƙarshe. Matuƙin da ya fasa yau yana iya tashi gobe.

Ɗazu bayan azahar na sami Malam a zaure, ɗalibai sun tashi. Na tambaye shi ko akwai laifi a addini mutum ya fasa tafiya bayan an yi masa addu'a an shafa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce wato yau jarida ta zo yi wa malami tambayar jarrabawa. Na ce amsa nake so, ba sharhi ba. Ya yi dariya kaɗan.

"Fatiha ba fura ba ce da za ta yi tsami in ta kwana. An roƙi Allah Ya tsare shi, sai ya ga iska ya fasa, to ai addu'ar ce ta karɓu. Ki gaya masa haka."

Na ce ya kira ka ya gaya maka da kansa, za ka fi jin nasa. Ya jawo littafin da ke gabansa ya buɗe, ya ce ni kaɗai ce nake da ɗan fari a gidan nan? Ban ga ya juya shafin ba har na fita. To ga saƙonsa na isar.

Daga nan na wuce asibiti. Ba a bari a ga Kyaftin Haruna ba, matarsa na samu a baranda da 'yan'uwanta. Ba ta kuka. Ta ce min shekara da shekaru yana gaya wa yaran da yake koyarwa kada su yi gardama da iskar gaban hadari, har ita ta haddace. Ta tambaye ni, ni da nake 'yar jarida, me ya sa shi ya yi. Na ce ban sani ba tukuna. Likitoci ba su ce zai sake tafiya da ƙafarsa ba, ba su kuma ce ba zai yi ba. Na faɗa maka wannan ne don kada ka ce yara ne kawai ke faɗawa cikin irin wannan. Haruna ya fi ka sanin jirgi nesa ba kusa ba.

Sauran ƙananan abubuwa. In maganin ya taɓa maka jiki ka cire rigar nan take ka wanke da sabulu, kada ka ce sai an gama gaisawa. Ka gaya wa mutanen filin tun ranar farko cewa in wani abu ya faru kada kowa ya taɓa ruwan tankin da hannu. Ka riƙa cin abinci kafin la'asar. Ba sai ka kira ni kullum ba, na san ba za mu sami abin faɗa ba. Ka turo wa Hauwa kalma ɗaya in ka sauka, ko in ka fasa. A wurina duka biyun labari ne mai daɗi.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka idon ganin abin da ke gabanka da bakin faɗinsa. Ya kwantar maka da iska, in kuma bai kwantar ba Ya ba ka ƙarfin zama a ƙasa. Ya ba Haruna lafiya, Ya jiƙan Bello da matar nan ta bakin taga, Ya kore wa manoma tsuntsun nan. Ya dawo da kai ƙofar ɗakina da ƙafafunka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min.

Wassalam.

Mahaifiyarka.

Na riga na ninke takardar sai wani tsohon abokin aikina ya bugo daga Haɗeja. Ya ce saboda abin da ya faru jiya, dagatan yankin sun shirya babbar addu'a a filin ranar Alhamis da la'asar, kafin tashinka na farko, kuma da suka ji ɗan wane gida ne sabon matuƙin, sai suka aika a roƙi Baffanka Malam Babba, wanda a gabansa ka yi saukar Alƙur'ani, ya je ya ja addu'ar da kansa. Na aika gidansa. An ce ya fita tun azahar, bai dawo ba, kuma ba a san ko ya amsa musu ba.